Kifin Rani A Damina A Ke Shuka Shi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya raba shekara kashi-kashi, ya sanya wa ko wane lokaci aikinsa da arzikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ko wace shekara in damina ta kankama, kuka ɗaya a ke ji a kasuwannin kifi, daga Yawuri zuwa Nguru, daga Argungu zuwa Maiduguri. Mai saye ya ce kifi ya yi tsada, falke ya ce kaya sun yi wuya, masunci ya ce ruwa ya cika kifi ya ɓace. Duk su uku gaskiya su ke faɗi. Amma akwai kuskure cikin abin da a ke ginawa bisa wannan gaskiya, watau ɗaukar damina lokacin hasara wanda ya wajaba a rama ta ko wace dabara. Abin da ya ke daidai shi ne damina ita ce shukar masunta, rani shi ne kakarsu, wanda kuwa ya matsa wa ruwa da damina iri ya ke ci. Da yawa cikin masu cin irin nan bashin falke ke tura su, shirun malamai kuma ya ƙyale su. Sabo da haka maganar ta shafi zaure da kasuwa kamar yadda ta shafi bakin gulbi.

Fasali na farko: abin da ruwan sama ke yi wa kifi

Malaman lissafi sun ƙidaya taurarin damina bakwai, su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan, ko wane kwana 13, sai Jabaha mai kwana 14. Manomi ya san aikinsa cikin ko wane ɗayansu. Kifi ma yana da nasa aiki cikinsu, sai dai ƙarƙashin ruwa ya ke yinsa, ido bai cika gani ba.

Da bazara gulbi ya kan tsinke ya zama gurbi-gurbi, kifi ya taru a matse, ga zafi ga ƙarancin abinci. A lokacin nan ƙwai ke nuna cikin matan kifi, suna jiran alama. In ruwan farko ya sauka sai ya wanke ƙasa, ya kwaso kashin dabbobi da tokar ƙunar daji da ruɓaɓɓen ganye da gara da tsutsa, ya zuba a rafi, rafi ya zuba a gulbi. Ruwa ya yi ja, ya yi sanyi, ya fara hawa. Alamar ke nan. Sai kifi ya juya ya fuskanci ruwa ya bi shi sama, in gulbi ya tumbatsa ya fita fadama kifi ya bi shi har cikin ciyawa.

Tarwaɗa tana cikin masu fara fita. Da dare ta ke shiga ruwan da bai kai gwiwa ba, ta watsa ƙwai dubbai su manne ga ciyawa, cikin kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe. Tana iya jan ciki bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan, domin Allah ya hore mata shaƙar iskar sarari. Bargi ya kan share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa zagayayyiya, faɗinta kamar kamu biyu, iyaye su tsaya gadi har 'ya'ya su yi ƙwari. Yauni ya kan tara ciyawa ya yi sheƙa bisa ruwa, ya tsare ta, har ya kai wa mai matsowa cizo. Karfasa ta kan ɗauke ƙwanta a baki, ta haƙura da abinci har su ƙyanƙyashe. Gaiwa kuwa, wadda ta yi rani duka a binne cikin busasshiyar laka tana rayuwa da naman jikinta, danshi ke tashe ta, ta fito ta nemi wurin haihuwa.

Fadamar da ruwa ya rufe ita ce gonar 'ya'yan kifi. Ruwan ba shi da zurfi, rana tana ɗumama shi, ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci suna yaɗuwa, ciyawa kuma tana ɓoye su daga tsage da giwan ruwa da tsuntsaye. Cikin wata uku ko huɗu ɗan kifin da ya fara kamar tsinke sai ya kai tafin hannu, manya kuwa su tara kitsen da za su ci rani da shi. Mafi yawan girman da kifin gulbi ke yi a shekara cikin waɗannan watanni ya ke yinsa.

To, ga dalilin ƙarancin kamu. Kifin da ke cikin gurbi ɗaya ya watsu cikin filin da ya ninka gurbin ninkin ba ninkin. Ciyawa tana hana jan taru, birgi ba ya nutsewa ya rufe, ƙarfin ruwa yana kwashe kalli, shara da itace suna yayyaga shi. Kifi a ƙoshe ya ke, bai damu da abin da ke bakin ƙugiya ba. Ga hadari da iska masu kifar da jirgi, ga marka mai tsare mutum a bukka kwana biyu ko uku. Kifin yana nan, gona ya tafi.

Akwai kuma wani abin da ke faruwa cikin tafkuna da ruwan da ba ya gudu. Tsirran ruwa su ke ba ruwa iskar da kifi ke shaƙa, da hasken rana kuwa su ke yinta. In marka ta ɓoye rana 'yan kwanaki, ko ruwan farko ya zubo da ruɓaɓɓen abu mai yawa, sai iskar ta ƙaranta, da asuba a ga kifi ya taso sama yana haki, wani ma ya mutu. Wanda bai sani ba ya ce mutanen ruwa sun yi fushi, har a nemi abin yanka. Wannan jahilci ne, kuma ƙofar shirka ce. Sababin a fili ya ke.

In Sarfa ta kama, ruwan sama ya fara ɗaukewa, bayan 'yan makonni fadama ta fara janyewa. Sai kifi ya juyo, manya a gaba ƙanana a baya, su biyo hanyoyin da suka fita su komo gulbi, waɗanda suka makara su tsaya cikin tafkuna. Daga nan har bazara kakar masunta ce, lokacin koma da gora da taru da mamari, lokacin da sarkin ruwa ke ba da izinin su.

Fasali na biyu: kamun rani gwargwadon cikar damina ne

Tsofaffin masunta sun san shekarar da fadama ta cika ta daɗe ita ke kawo kifi, shekarar fari kuwa ko an kama da yawa da fari, bara mai zuwa za a ji a jika. Ruwan saman da ke kawo kifi kuma ba lalle ne ya zama wanda ya sauka bisa rufin masunci ba. Sarkawan Yawuri sun fi kowa sanin haka, domin Kwara sau biyu ta ke cika musu. Cikar farko daga Agusta ta ke tasowa, ruwan saman ƙasashen kusa ne, mai laka, shi a ke kira farin ruwa. Ta biyu ruwan da ya sauka ne can duwatsun Gini, ya tsaya cikin fadamun Mali ya zubar da lakarsa, ya iso da ɗari wajen Disamba zuwa Fabrairu, shi a ke kira baƙin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan nan biyu su ke cika tafkin.

Tafkin Chadi babbar shaida ne. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Kusan kashi tara cikin goma na ruwansa daga kogin Shari da Logone ya ke zuwa, ruwan saman da ya sauka can kudu. Farin 1972 da 1973 ya raba tafkin biyu, na 1983 da 1984 ya ƙara masa, har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da. Da farkon janyewar ruwan kamu ya yi yawa ƙwarai, domin kifi ya matsu wuri ɗaya, motoci suna ta kwasar banda daga Baga zuwa Maiduguri, daga nan zuwa Anaca da Ikko. Mutane suka zaci arziki ne ya buɗe, ashe gado a ke ci. Bayan 'yan shekaru kifayen da ke hawa kogi su hayayyafa, irin su kawara, suka ƙaranta, aka bar tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure ruwa mara zurfi. Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan komo, tafkin ya ɗan farfaɗo, amma bai koma yadda ya ke ba.

Abin da fari ya yi a can, hannun ɗan Adam ya yi irinsa a wasu wurare. Kogin Haɗejiya da na Jama'are su ke malala su cika fadamar Haɗejiya da Nguru, sa'an nan su fita su zama Komadugu Yobe, ta wuce Gashuwa da Gaidam ta nufi Chadi. An gina madatsar Tiga a 1974, an gina ta Challawa a 1992. Tsakanin madatsu da fari, filin da ruwa ke rufewa ya ragu da fiye da rabi in an gwada da shekarun 1960. Ban da wannan, ɗan ruwan da a ke saki rani da damina ya hana fadama bushewa a lokacinta, sai kacala ta samu wuri, ta toshe hanyoyin ruwa da na kifi. A ƙasar Sakkwato ma, bayan madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984, masuntan da ke ƙasa da su sun ga canji cikin komarsu.

Ba a musun amfanin madatsa, ga noman rani ga ruwan famfo. Amma ruwan da ke malala fadama ba ruwan banza ba ne da za a ce an cece shi daga ɓata. Mutanen Kamaru sun gwada sun gani. An gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, fadamar Logone ta bushe, kifi da kiwo suka lalace. A 1994 aka buɗe wa ruwa wata tsohuwar hanya ya koma wani yanki na fadamar, sai ciyawa ta komo, kifi ya komo, masunta suka komo. Wannan ya nuna abin da ya lalace ta hannun mutum yana gyaruwa ta hannun mutum da ikon Allah.

Kada a fahimci cewa ko wace ambaliya alheri ce. Wadda aka gani a 2012 da 2022 a bakin Kwara da Binuwai, da wadda ta auka wa Maiduguri cikin Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, musiba ce mai cin rayuka da gidaje, har da kifin masu kiwo a rami. Allah ya kiyaye. Abin da a ke yabo shi ne cikar da ke hawa sannu a lokacinta, ta zauna a fadama, ta janye sannu.

Fasali na uku: yadda a ke cin iri

Tun da kifi ya watsu da damina, wanda ya nace sai ya cika kwando dole ya koma ga abin da ba ya iya gudu, watau uwa mai ƙwai da ɗa mai rauni. Wani ya tare bakin hanyar da kifi ke bi zuwa fadama ya jera gura daga gaɓa zuwa gaɓa, abin da a ke kira dumba, uwa ba ta wuce ta haihu ba, ɗa bai wuce ya komo gulbi ba. Wani ya bi sheƙar bargi da yauni da mashi, domin ya san ba su barin ƙwansu, ya soke uwa ɗaya ya hallaka zuriya. Wani ya ɗinka gidan sauro, wanda aka raba domin tsare yara daga zazzaɓi, ya mai da shi taru, ya tace ruwa har ɗan kifin da bai kai ɗan yatsa ba. A shanya su a tabarma a auna da mudu, alhali da an bar su wata shida, abin da ya cika mudun nan da ya cika buhuna.

Mafi muni shi ne mai zuba guba. Da can magimfa a ke dakawa, yanzu maganin ƙwarin gona a ke tsiyayawa, irin su Gammalin 20. Ba ya zaɓe, yana kashe babba da ƙarami da ƙwai da abincin kifi, sa'an nan ya gangara inda mata ke ɗibar ruwa, shanu ke sha.

Hukuma ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifin koguna da tafkuna ta Nijeriya ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki, ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, watau inci uku, sai ga wasu ƙananan kifaye da aka keɓe, ta kuma ba da ikon rufe wuri ko lokaci. Amma gulbi yana da tsawo, ma'aikaci ba ya kwana a bakin ko wane rafi. Dokar da ba ta shiga zuciya ba takarda ce kawai. Masu shigar da magana zuciya kuwa su ne masu mumbari da masu allo.

Fasali na huɗu: rabon fatake

A nan ya kamata falke ya dubi kansa. Sananne ne cikin wannan sana'a cewa da damina, lokacin da hannun masunci ya bushe, falke ko dillali ya kan ba shi kuɗi ko hatsi ko raga ko jirgi, bisa sharaɗin duk abin da ya kama shi zai kawo wa, a kan kuɗin da mai bashi ya yanka. Masunci mai bashi a wuya ba ya iya cewa bari ruwa ya janye. Ko wace safiya mai kuɗi yana bakin gaɓa, dole a kawo wani abu, ko da 'ya'yan kifi ne. Hannun da ke jan gidan sauro na masunci ne, amma igiyar tana hannun mai kuɗi.

Wannan ma'amala in an auna ta da fiƙihu ba ta tsayawa. In rance ce, to rance ce da ta jawo wa mai bayarwa amfani, domin yana samun kifi ƙasa da kuɗin kasuwa, malaman Malikiyya kuwa sun haɗu a kan haramcin wannan. In ciniki ce, to an sayi abin da ba a san yawansa ba, ba a san ko za a same shi ba, shi ne garari. Ɗalibin da ya kai babin ciniki cikin Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana sayar da kifi tun yana cikin kogi ko tafki. Hukuncin ya hau kan wanda ke sayen abin da raga za ta kamo gobe, da wanda ke sayen kifin tafki ɗungum kafin a shiga su.

Shari'a ba ta rufe ƙofa ta bar mutane a waje ba, ta buɗe ta salam. Falke ya biya kuɗi duka tun yanzu, ko cikin kwana uku, a ambaci irin kifin da girmansa da ma'auninsa, a yanka ajali sananne wanda bai gaza kwana 15 ba, kada a ɗaura cinikin ga kifin wani tafki guda, kuma ya zamana kayan suna samuwa galibi a lokacin ajalin. A lura da sharaɗin nan na ƙarshe. Kifi ba ya samuwa galibi cikin Ɗarfa da Jabaha, yana samuwa bayan ruwa ya janye. Ashe fiƙihu da kansa ya tura ajalin zuwa kakar masunta. Falken da ya bi wannan hanya ya ba masunci abin da zai ci da damina, ya bar kifi ya girma, ya karɓi manya maimakon ƙanana, kuɗinsa kuma ya tsarkaka. Babu wanda ya yi hasara cikin su uku, har da gulbin.

Sai maganar banda. Da damina itace a jiƙe ya ke, iska da laima, kifi ba ya bushewa har ciki. Ƙuda ya yi masa ƙwai ya yi tsutsa, ya yi funfuna, mota kuma ta kafe a taɓo kwana da kwanaki. Wannan hasara ce ta gaske, ba a raina ta. Amma maganinta shi ne a tara itace tun rani a rufe, a sa gishiri, a maimaita wuta, a sayi gwargwadon abin da za a iya kaiwa kasuwa da sauri. Masu yayyafa fiya-fiya bisa banda domin korar ƙwari, sa'an nan su sayar wa mai iyali ba su faɗa masa ba, sun haɗa laifi biyu, algus da cutar da rai. Ribar da aka samu ta nan ba ta da albarka, ko ta cika asusu.

Fasali na biyar: amsa ga masu hujja

In wani ya ce arziki na Allah ne, kifi ba ya ƙarewa, sai a ce masa lalle arziki na Allah ne, amma Shi ya sanya wa ko wane arziki sababi. Hatsi ma na Allah ne, duk da haka ba a taɓa ganin manomi mai hankali ya daka irinsa ya yi tuwo ya ce ya dogara ga Allah ba. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya fi kowa tawakkali a zamaninsa, shi ne kuwa ya umurci mutanen Masar su ajiye hatsin shekarun wadata domin shekarun fari. Cewa kifi ba ya ƙarewa kuwa, a tambayi tsofaffin Baga da na Nguru irin giwan ruwan da su ke gani da ƙuruciya, da irin wanda a ke gani yanzu.

In wani ya ce masunci talaka ne, in ya bar ruwa wata uku me zai ci, wannan ita ce hujja mai nauyi, ba a amsa ta da tsawa. Ba a ce ya bar ruwa ɗungum ba. Ƙugiya da raga mai faɗin ido suna ba shi na miya da ɗan na kasuwa, ba su taɓa iri ba. Abin da a ke hana shi huɗu ne, guba da gidan sauro da toshe hanya baki ɗaya da bin sheƙa. Mafi yawan masuntan ƙasar nan kuma manoma ne, iyayensu da damina gona su ke zuwa, su shuka gero a tudu, shinkafa a fadama, jirgi yana hutawa. Wanda ba shi da gona kuwa yana da hakki bisa mawadatan garinsu, ta hanyar zakka da rance mai kyau wadda ba sharaɗi a bayanta. In yunwa ce ke sa shi ɓarna, laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba.

In wani ya ce gulbi na kowa ne, wa ya isa ya hana, sai a ce masa domin na kowa ne ya sa ba a bar wa mutum guda ya cinye shi ba. Shari'a ta san hima, watau shugaba ya keɓe wuri ya hana taɓa shi domin maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Kabawa ma sun riƙe irin wannan. Matan Fada a Argungu a rufe ta ke duk shekara, ba mai jefa koma sai ranar da aka yi izini, shi ya sa a ke fitowa da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun ɗauka. Bikin nan ya samo sifarsa ta yanzu a 1934 da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da a ke adanawa. 'Yan kallo suna mamakin kamun sa'a guda, sun manta haƙurin wata goma sha biyu ne ya haife shi. Masu yi wa hani dabara kuwa, su kafa tarko da dare su ce ba su shiga ruwa ba, su tuna ƙissar mutanen Asabar cikin Suratul A'araf. Hukuncin ranar bai hau kan wannan al'umma ba, amma wa'azin da ke cikin ƙarshen masu hila ya hau kan kowa.

In wani ya ce mushen kifi halal ne, don haka wanda guba ta kashe ma halal ne, sai a ce masa ya ɗauki rabin mas'ala ya bar rabi. Gaskiya ne a mazhabar Maliku kifi ba ya bukatar yanka, mushensa halal ne. Amma wannan ya ɗauke sharaɗin yanka ne kawai, bai halatta ciyar da mutane abin da zai cuce su ba, bai kuma halatta ɓata ruwan da jama'a da dabbobi ke sha ba.

Kammalawa

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki nasa. Limamai da malaman garuruwan bakin ruwa su sa wannan magana cikin huɗuba da karatun zaure tun Haƙa'a ba ta kama ba, kamar yadda su ke yi wa zakkar hatsi da kaka. Sarakuna su ƙarfafa sarakunan ruwa, a yanka lokacin rufe hanyoyin kifi da wuraren haihuwarsa bisa shawarar tsofaffin masunta, a yi shela a kasuwa, hukuncin kuma ya hau kan ɗan sarki kamar yadda ya hau kan baƙo. Masu riƙe da madatsu su tuna akwai masu hakki a ƙasa da su, su saki ruwa da damina gwargwadon abin da zai cika fadama, su sanar da mutane kafin su saki.

Fatake kuwa su ke da mabuɗi mafi kusa. In shugabannin kasuwar kifi suka haɗa baki cewa ba mai sayen 'ya'yan kifi, ba mai sayen na guba, ba mai ba da bashi sai ta hanyar salam ko rance tsantsa, to ɓarnar za ta ragu tun ma'aikaci bai iso ba, domin ba mai jan gidan sauro cikin ruwa in ya san ba inda zai kai abin da ya kamo. Mai saye a gida kuma ya yi haƙuri da tsadar wata uku, ya san da ita a ke sayen arahar sauran shekara.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare masu shiga ruwa daga hadari da igiya, ya sa wa masu ciniki tsoronsa cikin mudu da ma'auni. Allah shi ne mafi sani. Wassalam.